Daga Sito Zuwa Kasuwa: Yadda Ake Mayar da Tsoffin Gine-ginen Masana'antu Zaurukan Abinci

A kan titin Ponce de Leon da ke birnin Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka, akwai wani katafaren gini na jan bulo wanda kamfanin Sears, Roebuck ya gina a 1926 domin ya zama sito da kanti, inda ake tara kaya a aika wa mutanen kudu maso gabashin ƙasar abin da suka zaɓa daga littafin tallan kamfanin. An yi ta ƙara masa faɗi har ya kai murabba'in ƙafa miliyan 2.1, kuma layin dogo na wucewa ta gefensa, taragai na sauke kaya a bakin ƙofarsa. Da kasuwanci ya juya, kantin ya rufe a 1979, ofisoshin kamfanin suka tashi a 1987, sannan hukumar birnin ta saye shi a 1990 a kan dala miliyan 12 da niyyar tattara ma'aikatanta a ciki. Niyyar ba ta cika ba, domin ƙaramin sashe kawai aka yi amfani da shi, sauran benayen suka zauna fayau shekara da shekaru, har a 2011 aka sayar wa Jamestown, wani kamfanin harkar gine-gine, a kan dala miliyan 27. A 2014 aka fara buɗe shi da sabon suna, Ponce City Market, kuma a 2015 zauren abincinsa ya soma aiki, inda rumfuna da gidajen cin abinci masu zaman kansu suke jere a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da tukunyarsa, amma kujeru da hanyoyin wucewa na kowa da kowa ne.

Mai ziyara yakan ɗauka cewa abincin ne kasuwancin, tunda shi ne abin da ido ya fara gani kuma shi ake ɗauka hoto. Lissafin masu ginin ya sha bamban da haka. Zauren abincin wani ɗan ɓangare ne na bene na ƙasa, alhali a samansa akwai ofisoshin manyan kamfanoni da ɗakunan kwana na haya fiye da 250, kuma a can saman ne mafi yawan kuɗin hayar suke. Aikin zauren shi ne ya jawo ƙafa, ya sa a san ginin, ya sa kamfanin da ke neman matasan ma'aikata ya yarda ya biya hayar da ta fi ta maƙwabta tsada, domin ma'aikatansa za su sauko kawai su ci abincin rana ba tare da sun nemi mota ba. Wanda bai fahimci wannan ba, zai yi ta mamakin yadda rumfar miya ko ta burodi za ta biya kuɗin gyaran ginin da ya ci abin da ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa.

Jamestown bai shiga wannan aiki da ka ba, domin ya riga ya ga yadda abin ya kasance a New York. A unguwar Chelsea ta Manhattan akwai rukunin gine-ginen kamfanin biskit na National Biscuit Company, wanda aka fi sani da Nabisco, da aka soma ginawa a shekarun 1890, kuma a nan aka fara yin biskit ɗin Oreo a 1912. Kamfanin ya tashi ya koma jihar New Jersey a ƙarshen shekarun 1950, gine-ginen suka daɗe cikin rashin kulawa, sai a shekarun 1990 wani ɗan kasuwa mai suna Irwin Cohen ya karɓe su, ya huda bangayen da ke raba su, ya fitar da doguwar hanya a bene na ƙasa wadda ta ratsa daga titi zuwa titi, ya buɗe Chelsea Market a 1997. 'Yan hayarsa na farko yawanci masu sari ne: masu gasa burodi, masu kifi da masu kayan marmari, waɗanda ainihin cinikinsu da gidajen abinci na birnin ne, amma suka buɗe kanta ga mai wucewa. A benayen sama kuwa gidajen talabijin da kamfanonin sadarwa suka kama wuri, ciki har da tashar Food Network. Jamestown ya sayi kaso a ginin a 2003, kuma a 2018 ya sayar wa Google a kan dala biliyan 2.4. Babu mai hankalin da zai ce Google ya biya wannan kuɗi ne domin kifi da burodi; ofisoshin ya saya, amma kasuwar da ke ƙasa tana cikin abin da ya ɗaga darajarsu.

Abin da ke sa irin waɗannan gine-gine su dace da wannan sauyi yana cikin yadda aka gina su tun farko. Sito da masana'anta an tsara su ne domin ɗaukar nauyin injuna da tulin kaya, saboda haka daɓensu yana jure nauyin da ya fi na ofis ko na gida nesa ba kusa ba, kuma injiniya ba ya fargabar ɗora masa tanda ko ɗakin sanyi ko taron jama'a. Nauyin ginin yana kan ginshiƙai ne da aka jera a tazara ɗaya, ba kan bangayen ciki ba, don haka ana iya yanka fili yadda aka ga dama, a ba wannan babbar rumfa, a ba wancan ƙarama, a kuma sake rabon idan ɗan haya ya tashi. Rufin yana da tsawo, abin da ke ba da wurin bi da bututu da wayoyi, ga kuma manyan tagogi da aka yi a zamanin da hasken rana ne fitilar ma'aikaci. Wuraren da ake loda kaya da manyan lif na ɗaukar kaya su ma suna nan, kuma zauren abinci yana bukatarsu kowace safiya. Sai kuma abin da ba a iya saye da kuɗi, wato tsufan kansa: tsohon bulo, daɓen katako da sawun shekaru ya goge, da ƙarafan da aka bari a fili, waɗanda sabuwar cibiyar kasuwanci za ta iya kwaikwaya amma ba za ta iya samu na gaskiya ba.

Wahalar kuwa tana farawa ne daga abin da ido ba ya gani. Ginin da aka yi kafin shekarun 1970 a Amurka da wuya a rasa asbesto, wani ma'adini mai hana wuta ci wanda ƙurarsa ke illata huhu, a naɗe da bututunsa ko a cikin rufinsa, da kuma fenti mai ɗauke da dalma, wanda sai a 1978 aka hana amfani da shi a gidaje. Cire su aiki ne na ƙwararru masu lasisi, da tufafin kariya da wurin zubarwa na musamman, kuma dole a gama shi kafin a soma komai. Idan masana'antar ta yi aiki da mai ko sinadarai, ƙasar da ke ƙarƙashinta ma abin tuhuma ce, sai an haƙa an gwada. Dokar da Amurka ta yi a 2002 kan gurɓatattun filayen masana'antu ta sauƙaƙa wannan, domin ta ba sabon mai saye kariya daga ɗaukar alhakin gurɓatar da wani ya yi tun da daɗewa, muddin ya yi binciken da ya kamata kafin ya saya. Kafin wannan doka, bankuna da 'yan kasuwa da yawa suna gudun irin waɗannan wurare ko da an yi musu arha.

Daga nan sai batun girki, wanda shi ne ya fi kowane ɓangare cin kuɗi idan aka auna da girman filin da yake ɗauka. Kantin tufafi ba ya bukatar komai sai haske da iska da wurin rataye kaya, amma kowace rumfa da ake suya a cikinta tana bukatar murfin zuƙe hayaƙi, da bututun ƙarfe da zai kai hayaƙin har saman rufi, kuma idan rumfar tana ƙasan gini mai bene da yawa, bututun sai ya ratsa kowane bene a cikin kariyar da wuta ba za ta ci ba, domin maiƙon da ke taruwa a cikinsa makamashi ne. Iskar da aka zuƙe ta fita dole a mayar da madadinta, in ba haka ba ƙofofi su riƙa ƙin buɗuwa, hayaƙi ya riƙa komowa. Ruwan wanke-wanke ba a sakin sa cikin magudanar birni sai ya bi ta tarkon maiƙo, kuma shimfiɗa sabon bututun ruwa yana nufin fasa daɓen kankare mai kauri wanda aka zuba domin kada ya fasu. Ga layin gas, ga ƙarin wutar lantarki da tsoffin wayoyi ba za su ɗauka ba, ga na'urorin yayyafa ruwa idan gobara ta tashi. Ginin da a da ma'aikata kaɗan ke yawo a kowane bene nasa yanzu zai ɗauki dubban mutane a lokaci guda, saboda haka dokar gini tana neman ƙarin matakala da ƙofofin fita, dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990 kuma tana neman mai keken guragu ya iya kaiwa duk inda mai ƙafa zai kai. A sito mai faɗi sosai akwai wata matsalar kuma, wato tsakiyarsa ba ta samun hasken rana, kuma ba mai kama ɗakin kwana ko ofis marar taga, don haka masu zane sukan mayar da tsakiyar wurin ajiye motoci ko ɗakunan injuna, ko su yanke wani sashe su buɗe farfajiya.

Da a ce ɗan kasuwa zai ɗauki duk wannan shi kaɗai, da yawancin waɗannan gine-gine an rushe su an yi sabo. Abin da ke daidaita lissafin a Amurka shi ne rangwamen haraji na gine-ginen tarihi, wanda gwamnatin tarayya ta soma a 1976, kuma tun 1986 yake a kan kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran da ya cancanta. Sharuɗɗansa a bayyane suke: ginin ya kasance an amince da shi a matsayin na tarihi, ya zama mai kawo kuɗin shiga, gyaran ya zama babba ba shafe-shafe ba, kuma hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta ƙasa ta amince cewa aikin bai ɓata siffar ginin ba. Idan aka sayar da ginin ko aka lalata siffarsa cikin shekara biyar, gwamnati tana karɓe wani kaso na rangwamen, kuma tun gyaran dokar haraji na 2017 ana cin moriyarsa ne a rarrabe cikin shekara biyar maimakon lokaci guda. Mai ginin sau da yawa ba shi da harajin da ya kai yawan rangwamen, don haka yakan shigo da banki ko wani babban kamfani a matsayin abokin tarayya, shi ya ba da tsabar kuɗi yanzu, ya ci rangwamen daga baya. Wannan tsari yana da tasiri har a kan abin da mai ziyara yake gani. Tsoffin tagogin ƙarfe da ake gyarawa ɗaya bayan ɗaya maimakon a cire a sa na zamani, da bulon da aka bari ba a shafe shi da siminti ba, ba son tarihi ne kaɗai ya tsare su ba, akwai sharaɗin kuɗi a bayansu. A ganina wannan ba abin kunya ba ne, hasali ma shi ne hikimar dokar, tunda ta sa riba da adana tarihi suka fuskanci alƙibla ɗaya.

Hannun hukuma bai tsaya a haraji ba, kuma a nan ne labarin Atlanta ya fi ba da haske. Ginin Sears yana cikin kwari ne, kuma ambaliya ta daɗe tana damun wurin idan an yi ruwa mai yawa. Maimakon haƙa rami mai tsada a ƙarƙashin ƙasa, birnin ya gina wurin shaƙatawa na Historic Fourth Ward Park a bayan ginin, da tafki a tsakiyarsa wanda ke tare ruwan sama, aka buɗe shi a 2011, shekarar da Jamestown ya sayi ginin. Tsohon layin dogon da ke gefensa kuma ya zama wani ɓangare na BeltLine, shirin mayar da layukan dogo masu tsawon mil 22 da suka kewaye birnin hanyar tafiya a ƙasa da hawan keke, wanda ya samo asali daga kundin digiri na biyu da Ryan Gravel ya rubuta a 1999 a jami'ar Georgia Tech. Sashen gabas na hanyar an buɗe shi a 2012, kuma akwai gada da ke shigar da mai tafiya kai tsaye daga hanyar zuwa cikin kasuwar. Haka abin yake a New York, inda tsohon layin dogo na sama, High Line, yake ratsa ginin Chelsea Market, kuma sashensa na farko ya zama lambun shaƙatawa a 2009. A Landan ma, tashar wutar lantarki ta Battersea, wadda ta daina aiki a 1983, ta ga masu saye da yawa sun zo sun kasa, sai da haɗakar kamfanonin Malesiya ta saye ta a 2012, aka miƙa mata layin jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2021, sannan ta buɗe a 2022 da kantuna da gidajen abinci a ƙasa, da ofisoshin Apple a sama. A duka ukun, hanyar da za ta kawo jama'a ta zo ne daga wajen katangar ginin.

Dangantakar mai gini da masu rumfuna ita ma ba irin hayar da aka saba ba ce. A wasu zaurukan kowane mai rumfa yana da yarjejeniyarsa da mai ginin, yana biyan ƙayyadadden kuɗi da kuma wani kaso na cinikinsa idan ya wuce wani adadi. A wasu kuma kamfani ɗaya ne yake kama zauren gaba ɗaya, ya gina rumfunan da kayan girkinsu, ya riƙe sayar da abin sha a hannunsa, ya ɗauki masu share tebur da wanke kwanuka, sannan ya karɓi kaso daga kowane ciniki. Ga mai dafa abinci da bai tara jarin buɗe gidan abinci nasa ba, wannan ƙofa ce mai sauƙin shiga, domin yana samun kicin da jama'a a shirye. Sai dai yarjejeniyar takan zama gajera, lokacin buɗewa da rufewa ba shi ke yankewa ba, cinikinsa a buɗe yake ga mai zauren ta na'urar karɓar kuɗi, kuma idan bai kai abin da ake so ba, maye gurbinsa ba ya ɗaukar lokaci. Masu zauren suna zaɓar 'yan haya ne da lura, ba wanda ya fi biya suke bai wa ba, suna guje wa manyan kamfanonin abinci da ake samu a kowane lungu, suna kuma hana rumfuna biyu sayar da abu ɗaya, domin abin da suke sayarwa a zahiri shi ne jin cewa nan ba kamar ko'ina ba ne.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta unguwar da ginin yake ciki. Ponce City Market yana Old Fourth Ward ne, unguwar da aka haifi jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata Martin Luther King Jr. a cikinta a 1929, wadda ta daɗe tana cikin manyan matsugunan baƙar fata na Atlanta. Bayan zuwan BeltLine da wurin shaƙatawa da kasuwar, farashin gidaje da haya ya yi tashin gwauron zabo, harajin gida ya bi shi, kuma da yawa daga cikin tsoffin mazauna, musamman masu haya, suka ga unguwar ta fi ƙarfinsu. Shirin BeltLine ya yi alƙawarin samar da gidaje 5,600 masu sauƙin kuɗi, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, har a 2016 Ryan Gravel da kansa ya sauka daga kwamitin ƙungiyar da ke tara wa shirin kuɗi, yana kukan cewa ba a ba wannan ɓangare muhimmancin da ya kamata ba. A Battersea an rage adadin gidaje masu sauƙin kuɗi daga 636 zuwa 386 a 2017, bisa hujjar cewa gyaran tashar ya ci kuɗi fiye da yadda aka zata. Ba adalci ba ne a ɗora wa zauren abinci duk laifin, tunda hauhawar ta soma kafin ya buɗe kuma tana da tushe da yawa, amma kuma ba a iya wanke shi tas, domin ɗaga darajar wuri shi ne ainihin aikin da aka gina shi ya yi. Ayyukan da ya kawo na gaske ne, sai dai yawancinsu na hidima ne, kuma mai wanke kwanuka a zauren da wuya albashinsa ya kama masa ɗaki a benen da ke samansa.

Tsarin yana da rauni ta wani gefen kuma. Tunda ofisoshin sama ne ke ɗauke da nauyin, duk abin da ya taɓa su ya taɓa zauren. Annobar korona a 2020 ta rufe zaurukan na wani lokaci, kuma bayan ta wuce ma'aikata da yawa ba su koma ofis kullum ba, cinikin rana na tsakiyar mako ya ragu a wurare da dama, aka koma dogaro da 'yan yawon buɗe ido da masu fitowa ƙarshen mako. Yawaitar zaurukan ma ta rage musu armashi, domin an kai lokacin da kusan kowane sabon gini a manyan biranen Amurka yake son nasa, wasu kuma sun buɗe sun rufe cikin 'yan shekaru saboda babu jama'ar da za ta cika su.

Mai karatu da ya san Kakuri a Kaduna, inda masaƙu irin su Kaduna Textiles da Arewa Textiles suka tsaya cik tun shekarun 2000, ko ya san rufaffun masana'antun Bompai da Sharada a Kano, dole tunaninsa ya je can. Gine-ginen suna da wasu daga cikin siffofin da aka ambata, musamman faɗin fili da tsawon rufi, kuma al'adar cin abinci a waje da saye a rumfa ba baƙuwa ba ce. Sai dai yawancinsu shimfiɗaɗɗu ne marasa bene, ba su da saman da za a ba kamfanoni haya domin ya ɗauki nauyin ƙasan, kuma suna cikin unguwannin masana'antu inda ƙafa ke ɗaukewa da zarar rana ta faɗi. Duk mai son gwada irin wannan a can zai fara ne da tantance mallakar filin da basussukan da ke kansa, ciki har da haƙƙoƙin tsoffin ma'aikatan Kaduna Textiles da aka daɗe ana kai ruwa rana a kansu, sannan ya gwada ƙasar da aka shekara ana zubar da ruwan rini a kanta, ya kuma sa kuɗin samar da wutarsa da ruwansa a cikin lissafi tun kafin ya kira mai zane.